Tunawa da Hajiya Bilkisu Yusuf da abin da ya faru a Mina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu tuna da Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda Allah ya yi wa rasuwa a turmutsutsun Mina ranar Alhamis 24 ga Satumba 2015, daidai da 10 ga Zulhajji 1436. Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna ce makomarta, ita da duk waɗanda suka cika a wannan rana.

Matasan 'yan jarida da yawa sun san sunanta, amma ba su san irin ƙasar da ta taka ba. An haife ta a 1952. Ta yi digirin kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta wuce Jami'ar Wisconsin da ke Madison a Amurka ta yi digiri na biyu, sannan a 1986 ta tafi Mosko ta ƙaro ilimin aikin jarida, lokacin Tarayyar Sobiyet tana nan da ƙarfinta. A zamanin da iyaye da yawa ke ɗari-ɗarin barin 'ya mace ta je makarantar kwana a garin da ke kusa, ita ta zauna a ƙasashen nan biyu da ba sa ga maciji da juna, ta ga yadda kowacce ke sarrafa labari, ta dawo gida da lulluɓinta da addininta. Ta riƙe editan Sunday Triumph a Kano daga 1983, ta koma New Nigerian a Kaduna a 1987, a 1990 kuma tana cikin waɗanda suka tayar da mujallar Citizen tare da Malam Mohammed Haruna. Daga baya masu karatu sun saba da shafinta na Civil Society Watch a Daily Trust. Tana cikin matan da suka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a Minna a 1985, har ta zama Amirarta ta ƙasa. Aikin lafiyar mata masu juna biyu da karatun 'ya'ya mata ya kai ta ƙauyuka da manyan biranen duniya, kuma duk wanda ya yi aiki da ita, Musulmi ko Kirista, shaidarsa ɗaya ce: mace mai fara'a da sauƙin kai, wadda ba ta tsoron faɗa wa mai mulki gaskiya.

Abin da ke damunmu shi ne yabo kawai ake yi mata, ba a tambayar yadda matafiyiya mai irin wannan gogewa ta rasa ranta a kan titi tsakanin tanti da wurin jifa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma sanadi yana da bayani, kuma da tana raye da ita ce za ta fara neman a yi shi.

Abin ya faru ne da misalin ƙarfe tara na safe, ba a kan gadar Jamarat inda ake jifa ba, a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223. Ayari biyu suka haɗu a wuri ɗaya, ga shingayen tantuna hagu da dama, ga zafi ya haura digiri 40, ga mutane sun kwana a Muzdalifa bayan wunin Arfa. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 ne suka rasu, amma da aka tara alƙaluman da ƙasashe suka bayar na mutanensu sai adadin ya haura 2,400. Najeriya kaɗai ta rasa fiye da 270, cikinsu har da Farfesa Tijjani El-Miskin da Mai Shari'a Abdulƙadir Jega. Gadar kanta an riga an sake gina ta mai hawa-hawa bayan hatsarin 2006 da ya ci fiye da mutum 340, sai matsalar ta koma hanyoyin da ke kai wa gare ta.

Yawancin mutane suna zaton tattakewa ce ke kisa a irin wannan cunkoso. Mafi yawa matsewar ƙirji ce. Idan mutum huɗu ne a faɗin murabba'in mita ɗaya, kowa yana iya sarrafa ƙafarsa. Da sun kai shida ko bakwai, ba wanda ke tafiya da kansa kuma, jama'a na tunkuɗa gaba da baya kamar ruwan kogi. Duk numfashin da mutum ya fitar, matsi ba zai bar ƙirjinsa ya sake buɗewa sosai ba, cikin 'yan mintoci sai ya suma yana tsaye. Na baya ba su san abin da ke faruwa a gaba ba, suna ta tahowa da kabbara. Idan mutum ɗaya ya faɗi, gurbin da ya bari shi ke jawo na kusa da shi su rufta kansa. Mata da tsofaffi da gajeru su suka fi shiga haɗari, domin matsin yana sauka daidai ƙirjinsu, iskar sama kuma ba ta isa gare su.

Alamar farko da alhaji zai lura da ita: idan ana taɓa shi ta kowane ɓangare, har ya kasa ɗaga hannu ya shafi fuskarsa cikin sauƙi, to lokacin neman mafita ya yi, kada ya jira. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya naɗe su a gaban ƙirji domin ya bar wa huhunsa wuri. Kada ya yi ja-in-ja da igiyar mutane, kada kuma ya juya ya fuskance su. Ya bi ta, duk lokacin da matsi ya lafa ya ɗan ratsa gefe taki biyu ko uku, a karkace, har ya kai inda ya yi sauƙi, yana guje wa jikin katanga da shinge. Takalmi ko waya ko jaka idan ta faɗi, ta tafi ke nan, sunkuyawa ɗaukar silifa ta hallaka mutane. Ihu yana cinye numfashi. Wanda ya faɗi ya kasa tashi ya kwanta ta gefe, ya dunƙule, ya kare kansa da hannu, kada ya kwanta rigingine ko rubda ciki. Al'adar nan ta 'yan gari ɗaya su sarƙe hannu su goma ko ashirin don kada a ɓace tana da kyau a fili, amma a matsatsi takan zama katanga, ɗaya ya faɗi ya ja saura. Biyu-biyu ya fi, a kuma yanke wurin haɗuwa tun daga tanti.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce babba. Ranar Sallah jifa ɗaya ce, tsakuwa bakwai a Jamratul Aƙaba. Ran 11 da 12 ga Zulhajji ashirin da ɗaya-ɗaya, jimilla 49 har da na ranar Sallah, wanda ya ƙara kwana ya cika 70. Kowa yana son hantsin ranar Sallah da bayan zawali a sauran kwanakin saboda falala, shi ya sa cunkoso ya fi muni a waɗannan sa'o'i. Hukumomin Saudiyya suna ba kowace tawaga jadawalin fita, kuma fita ba a kan jadawali ba ko yanke ta hanyar masu dawowa ganganci ne da ran wasu. Shari'a ba ta ƙuntata ba: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Nana Sauda izinin barin Muzdalifa da dare kafin turuwar jama'a. Mara lafiya da tsoho suna iya wakilta wani ya yi musu jifa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, wakilci da jinkirta jifa zuwa dare suna jawo hadaya, wasu malaman kuma ba su ga haka ba. Wannan bambanci ya kamata malaman bita su warware wa maniyyata tun a gida, da kuɗin hadayar a lissafe cikin guzuri, don kada tsoron yanka ya tura tsohuwa cikin taron da ƙarfinta bai kai ba.

Roƙonmu ga NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi shi ne a ware zama guda cikakke a bita kan cunkoso, a zana murabba'in mita ɗaya a ƙasa, a tsayar da mutum huɗu, sannan bakwai, kowa ya ji bambancin a jikinsa. A raba taswirar Mina da Hausa, mai nuna lambar tanti da hanyar zuwa da ta dawowa. Matan FOMWAN da ke taimaka wa bitar mata su ne suka fi dacewa su ja gaba, tunda tsohuwar Amirarsu ce aka rasa. Kai kuma Malam Edita, muna roƙon jaridarka ta riƙa buga wannan bayani kowace shekara a watan Shawwal da Zulƙida, kafin jirgin farko ya tashi.

Wassalam.

Daga wasu masu karatun jaridarka,
Kano