Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi Masu Noman Kokwamba a Rumfar Leda

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a bana, kamar yadda kwamitin zartarwa ya ɗora mini in rubuta. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai gabatar da nasa daban.

Mun buɗe shekara da sayen iri a dunƙule. Bara wasunmu sun shuka irin fili a cikin rumfa, ya yi ta fure babu 'ya'ya, domin irin fili sai ƙudan zuma ya yi masa barbara, shi kuwa ƙudan ba ya sakewa a ƙarƙashin leda. Saboda haka bana muka tsaya kan irin da ke yin 'ya'ya ba tare da barbara ba: dogon nan marar ƙwaya mai laushin fata, da gajeren da ake kira Beit Alpha. A tuna, dogon ba ya son ƙudan zuma ko kaɗan. In aka yi masa barbara sai ɗan ya kumbura ta ƙasa ya karkace, mai saye ya ture shi gefe.

Bitar ɗaurin igiya ta samu jama'a. An nuna yadda ake barin kara ɗaya ya hau igiya, a riƙa tsinke rassan gefe, da tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin shuka da shuka. Inda aka yi gardama shi ne tsinke 'ya'yan farko, duk wanda ya fito ƙasa da santimita 50 zuwa 60 daga gindi. Na ga wani dattijonmu riƙe da ɗan kokwamba kamar yatsa, ya kasa cire shi, sai ka ce haƙorinsa za a zare. Amma shukar da aka bari ta ɗauki kaya tun saiwarta ba ta yi ƙarfi ba, ita ce ke gajiya a tsakiyar girbi.

Abin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne ziyarar rumfuna, kuma a nan muka gane asarar da muke yi ba mu sani ba. A fili, ruwan sama yana wanke gishirin taki daga ƙasa, yana kuma kakkaɓe ƙananan ƙwari daga ganye. A rumfa babu mai yi mana wannan aikin. A rumfunan da suka daɗe, mun tarar da farin ɓawo kwance a gefen tiyon ɗigo, bakin ganye ya ƙone, masu su kuma suna ƙara taki suna zaton yunwa ce. Gwajin ƙasa da ƙungiya ta shirya ya nuna gishiri ne. Shawarar da aka tsayar: a rage takin da ake sakawa cikin ruwa, a kwarara ruwa mai yawa bayan an tumɓuke shuka, wanda zai sauya leda kuma ya bar ƙasar a buɗe ta sha ruwan sama kafin ya rufe. Ma'aunin tsamin ƙasa kuma ya kamata ya tsaya tsakanin 6.0 da 6.5.

Jan gizo-gizon nan mai tsotsar ganye ma busasshen zafin rumfa yake so. An koya wa membobi su sa farar takarda ƙarƙashin ganye su buga: in ɗige-ɗige suka zubo suna motsi, to ya shigo. Wanda ya jira sai ya ga saƙar gizo-gizon a kan ganye ya makara. Wasu sun gwada sakin ƙwaron da ke cinye shi, Phytoseiulus persimilis, kuma sun gamsu, sai dai ba ya jure feshin magani mai ƙarfi.

Ragar hana ƙwari ta yi aikinta, amma tana toshe iska. Kokwamba ta fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 29. In zafi ya haura 35, sai 'ya'yan da suka fara fitowa su yanƙwane. Ni kaina wata safiya na makara wajen naɗe ledar gefe, kafin rana ta take tsaka ganye ya lanƙwashe kamar an zuba masa ruwan zafi. Tun daga ranar na shimfiɗa ragar inuwa a saman rumfa.

Gwajin aurar da kokwamba a kan saiwar kabewa, wato haɗa karan kokwamba da gindin kabewa su girma tare, don kauce wa cutar da ke cikin ƙasa, zai ci gaba baɗi. Rumfunan da suka shiga ba su kai a yanke hukunci ba.

Kan ajiya, an ja kunnen masu cusa kokwamba cikin firji mai tsananin sanyi. Digiri 10 zuwa 12 take so, ƙasa da haka fatarta ta yi ramuka ta jiƙe. Kada kuma a haɗa ta da tumatir ko ayaba, iskar da suke fitarwa tana mayar da ita rawaya.

A taro mai zuwa, kowa ya zo da ƙasar rumfarsa, wadda aka ɗebo daga wurare daban-daban a zurfin santimita 15, a rubuta shekarun rumfar a jikin ledar da aka zuba ƙasar.

Sakataren ƙungiya