Haƙurin da ake ta ce mini in yi, har yaushe?

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Don Allah in za ki karanta wannan a shirinki kada ki faɗi unguwarmu, matan zumuntarmu duk suna sauraro.

Ranar Asabar ina wanki na tura hannu aljihun wandon maigidana don kada in jiƙa masa kuɗi, sai na ciro katin awon ciki. Sunan yarinyar da ke gidanmu ne a kai, wurin sunan miji kuwa nasa aka rubuta. Tun ranar abinci ya ƙi wuce mini maƙogwaro.

Mu mutanen Michika ne, 'yan cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, mahaifina ya daɗe yana dattijon ikkilisiya, aurenmu kuma a coci aka ɗaura, da zobe da takarda. A 2014 da Boko Haram suka shigo garin ina da ciki wata biyar. Da ƙafa muka hau duwatsu muka faɗa Kamaru, daga baya muka samu muka iso Yola. A hanyar nan cikin ya zube. Uwar mijina tana wurin, zaninta ma ta kwance ta ba ni na ɗaura. Yau ita ce ke bin gidaje tana cewa juya ɗanta ya auro. Mama, juya tana ɗaukar ciki?

Tun daga nan shiru. Asibiti na je, azumi na yi, addu'ar dare ba ta wuce ni, zakka ban taɓa riƙewa ba ko lokacin da muke kwana a ajin makaranta muna layin masara. Wata ta so ta kai ni wurin wani mai kiran kansa annabi in sayi mai da ruwa, na ƙi. Wata ta kawo zancen boka, ko gaisawa ba ma yi yanzu. Matar fasto kullum tana tuna mini cewa Ibrahim da Saratu shekara 25 suka jira alkawari, Saratu tana da 90 ta rungumi Ishaku. Na ce amin. Labarin Hannatu kuwa na karanta har shafin ya yage.

Ita yarinyar, bara uwar mijina ta kawo ta daga ƙauye, wai marainiya ce, ta koyi ɗinki a shagona. Ni na saya mata takalmi, ni na ɗinka mata kayan Kirsimeti da atamfar da na ajiye wa kaina. Kullum kai a sunkuye, "Anti, Anti", ashe macijiya nake kiwo. Yanzu na gane shiri ne tun farko, shi ya sa tsohuwar ke aiken ta kai masa abinci wurin aiki. Ana ta yaɗawa wai na doki yarinyar. Ture ta kawai na yi ta faɗa kan keken ɗinki, kuma wace mace ce za ta ga abin da na gani ta tsaya tana murmushi? Tsohuwar ta zo tana tafa hannu, wai ai Saratu da kanta ta miƙa wa mijinta Hajara. Matar da sai Kirsimeti da Ista take taka coci ita za ta yi mini wa'azi! Ta ma ce in an haihu a ba ni in raina, wai taimakona aka yi.

Shi kuwa ya hau babur ya fita, sai dare ya dawo ya ce aikin Shaiɗan ne, in yi haƙuri. Washegari ya sa rigar mawaƙa ya tsaya gaban jama'a yana ɗaga hannu, ina zaune ina kallonsa. In na kai magana wurin fasto da dattawa za a sa shi ƙarƙashin horo, danginsa su ce na tona masa asiri. Ga shagon ma, kekunan da kuɗin adashina na saya, amma shi ke biyan haya, na san zai ce da rabonsa.

Abin da ya fi tsorata ni, na durƙusa in yi addu'a bakina ya ƙi buɗewa. Ban ce Ubangiji ya yi kuskure ba, Allah ya kiyaye. Amma wadda ba ta roƙa ba an ba ta a cikin gidana, ni da na jira fa? Yayana da ke Jos ya ce in tattara in taho. In na tafi na kasa jiran Allah ke nan? In na zauna, haƙuri ne ko wauta?

Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, Mama, kuma na san zai miƙa hannu ya karɓa. Ni in karɓa da wannan zuciyar, ko in zauna a gida in ce ba ni da lafiya?

'Yarki cikin Ubangiji,
daga Jimeta