Makin C.A. da ake cikewa a dare ɗaya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na ilimi na daren Talata, kuma raina ya ɓaci. Baƙon da kuka gayyato ya yi ta kambama gwajin C.A., wato gwaje-gwajen da ake yi wa yara a cikin zango, wai da shi malami ke sanin inda kowane yaro ya tsaya kafin ƙarshen zango. Mai gabatarwa kuwa ban da "haka ne, haka ne" babu abin da yake cewa. Ko sau ɗaya bai tambaye shi a wane aji ake yin wannan gwaji ba.

'Yata tana aji huɗu a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Zangon da ya wuce ta kawo katin sakamako, ta zo ta biyar, C.A. ɗinta na Hausa 36 cikin 40. Har tsire na sayo mata. Bayan isha'i na miƙa mata littafin Hausar na ce ta karanto mini shafi ɗaya. Wallahi Malam, haɗa baƙi ya gagare ta. Abin da aka rera musu a aji ne ta haddace, tana bin layi da yatsa, da na juya zuwa shafin da ba a biya musu ba sai ta yi tsit. Na tambaye ta yaushe aka yi musu gwaji, ta ce ita dai jarrabawar ƙarshe ta sani.

Na je makarantar da zafina. Malamarsu, Allah Ya saka mata, ba ta ɓoye mini komai ba. Yaran ajinta sun haura ɗari, rabinsu a ƙasa suke zama, kuma kusan duk darussan ita kaɗai ke koyarwa. Ta ce ko ta ba su gwaji, yaushe za ta duba takardun? Idan ƙarshen zango ya zo hedimasta ya ce a kawo maki, sai ta zauna da rajista ta cike: mai zuwa kullum ya samu mai yawa, mai fashi a rage masa. Da wannan makin ake tura yaro aji na gaba. To ni wa zan kama? A makarantar allo ba a barin yaro ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gaban malam, amma a boko lamba kawai ake rubutawa a wuce.

Baƙonku ya daɗe yana bayanin sabuwar manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta fitar a 2025, an rage darussa, an dawo da tarihi. Madalla. A 2022 an ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Ko da wane harshe ne, kuma ko darasi nawa ne, wa ke zuwa ya zaunar da yaro ya ji ko ya iya karatu? Masu duba makarantu in sun zo, rajista da littafin shirin darasi suke buɗewa, su sa hannu, su tafi. Ku gayyato mutanen SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ku yi musu wannan tambaya, ku kuma kawo malamar aji ta gaske, ba mai zama a ofis ba.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Ana cewa a kira, mu kira mu ji a kashe, ɗan lokacin da ya rage kuma tallar maganin basir ta cinye shi. Shi ya sa na rubuto.

Wassalam,
Mai sauraronku, wani uba daga Zariya