Rahoton Ayyukan Shekara: Warware Maganin Sassauta Tsoka Bayan Tiyatar Haihuwa ta Gaggawa

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, masu ba da maganin barci a ɗakunan tiyata.

Bana kwamitin ilimi ya mai da hankali kan 'yan mintunan nan da ke tsakanin ɗinkin ƙarshe da zare bututun numfashi. Allurar baya, mai kashe jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa, ce zaɓinmu na farko a tiyatar haihuwa, to amma macen da aka kawo tana zubar da jini, ko wadda jijjiga ta gusar wa da hankali, sau da yawa sai an sa ta barci gaba ɗaya, a ba ta maganin sassauta tsoka, wanda dole ya sake ta kafin a zare bututu. A kan irin waɗannan matan muka gina bitocinmu.

Abin da muka fi nanatawa shi ne neyostigimin, allurar warware maganin sassauta tsoka, yana da iyaka. Ma'auninsa miligiram 0.05 ga kowane kilo, kada ya wuce miligiram 5 duka-duka, kuma a haɗa shi da atirofin, kamar miligiram 1.2 ga kowane miligiram 2.5 na neyostigimin, don kada bugun zuciya ya faɗi, majina ta cika maƙogwaro. Yakan ɗauki kusan minti 10 kafin ya kai ƙarfinsa, saboda haka wanda ya yi allura ya zare bututu bayan minti 2 ya yi gaggawa. Idan tsoka ba ta fara farfaɗowa da kanta ba, ƙarin allura ba ya ƙara komai. Sakzametoniyam kuwa, maganin sassauta tsoka mai gajeren aiki, ba a warware shi da neyostigimin, tsawaita aikinsa ma yake yi. Idan mace ta daɗe ba ta numfasa ba bayan an ba ta sakzametoniyam, a ci gaba da hura mata iska tana barci har ya sake ta.

Mun yi atisaye da na'urar motsa jijiya: a ɗora wayoyi kan jijiyar wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa, a aika bugun lantarki huɗu, a kalli babban yatsa. Sai an ga motsi huɗu ake ba da neyostigimin. Inda akwai na'ura mai nuna lamba, ba a zare bututu sai motsi na huɗu ya kai 0.9 na ƙarfin na farko. Ɗaga kai na daƙiƙa 5 da muka saba dogara da shi yana yaudara, domin mace na iya yinsa alhali tsokar haɗiya ba ta dawo ba, ga cikinta cike.

Inda muka fi daɗewa shi ne batun magniziyam salfet, maganin jijjiga mai ƙara sakin tsoka, ganin yadda jijjigar masu ciki ta yi yawa a Arewa. Wadda aka yi wa giram 4 ta jijiyar jini da giram 10 a ɗuwawu kafin a turo ta, maganin sassauta tsoka irin atrakuriyam ko fankuroniyam zai daɗe a jikinta fiye da lissafi. A rage ma'aunin maganin sassauta tsokar, ko a haƙura da shi idan likitan tiyata zai iya aiki haka. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne a farkar da ita lafiya, a yi mata magniziyam na gaba a ɗakin farfaɗowa, tsoka ta sake saki ba mai lura. Jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da sanyin jiki ma suna ƙara dagula lamarin. Kalsiyam gulukonet, makarin magniziyam, giram 1, a hankali cikin minti 10, ya zama yana kusa.

Sugamadeks, wani maganin warwarewar, yana da tsada, amma mun koyar da shi: miligiram 2 ga kilo idan motsi biyu sun dawo, 4 idan sakin ya yi zurfi, 16 idan ana so a warware maganin sassauta tsoka na rokuroniyam nan take. Ba ya taɓa atrakuriyam ko kaɗan, rokuroniyam da bekuroniyam ake warwarewa da shi.

Mun kuma raba takardar miƙa majiyyaciya mai gurbin rubuta lokacin magniziyam na ƙarshe. A zare bututu tana farke tana bin umarni, an tsotse maƙogwaro, an ɗaga kan gado ko an kwantar da ita ta hagu.

A shekara mai zuwa za mu rubuta wa shugabannin asibitoci kan na'urar motsa jijiya a kowane ɗakin tiyata, da firij mai aiki, domin zafi yana rage ƙarfin atrakuriyam da sakzametoniyam. Kowane reshe ya aiko wa sakatare jerin kayan da yake da su kafin babban taro.