Daga Gadarif: Mai Kunyar da 'Yan Dako Suka Sa a Gaba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka ne daga Gadarif, gabashin Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, in aka ambaci Hausawan ƙasar nan a jarida, to ko dai gudun hijira ne ko tuna rikicin yankin Damazin na 2022. Duk sun faru, mun gani da idonmu. Amma ina roƙon fili in ba da labarin ɗan ƙanwata, wanda yau shi ne magatakardan ƙungiyar 'yan dako a ɓangarensu na kasuwar amfanin gona. Ba zan faɗi sunansa ba, don in ya ji na sa shi a jarida zai daɗe bai sakar mini fuska ba.

Yana yaro yana da i'ina. A makarantar allo ya iya karatunsa, amma da malam ya ce ya biya da ƙarfi sai harshe ya sarƙe, yara su fashe da dariya. Baƙi in sun shigo gida, bayan randa yake ɓuya. Firamare bai yi nisa ba ya bari. Sa'o'insa suka yi aure, wasu suka haye Jidda neman kuɗi, shi kuwa ya shiga dakon buhuna, dangi suka yanke cewa iyakar tasa ke nan.

Wanda bai san Gadarif ba, nan ne rumbun Sudan. Tun shekarun 1940 ake noman damina da injuna a wannan yanki, dawa da riɗi su ne kan gaba. In kaka ta yi, riɗi ana cinikinsa da ma'aunin ƙinɗari, dawa da ma'aunin ardabi, manyan motoci suna jere suna jiran lodi zuwa Bur Sudan. Duk buhun da ya hau mota a bayan mutum ya hau, kuma da buhu ake biya. Shi ya sa rigimar 'yan dako kusan kullum guda ce: buhu nawa aka ɗora? Wakilin ɗan kasuwa yana da takarda da biro, su kuwa sai ƙwaƙwalwa da rantsuwa, rantsuwa kuma ba ta taɓa cin takarda ba.

Ya haura shekara talatin ya shigo ajin yaƙi da jahilci da nake koyarwa bayan sallar isha'i. Can baya yake zama, ba ya ɗaga hannu. Lissafi kaɗai ya dame shi. Ashe ya sayi ɗan littafi yana rubuta lambar kowace mota, yawan buhunanta, da sunan duk wanda ya ɗauka. Ba wanda ya sa shi, bai kuma gaya wa kowa ba. Sai ranar da gardama ta tashi da wani wakili, masu baki suka yi ta hayaniya har rana ta take, shi kuwa ya zaro littafin daga aljihu ya miƙa wa dattijon tawagarsu, ya koma gefe. Aka gwada da takardar direbobi, ya yi daidai, aka biya su cif. Daga ranar in an yi musu sai ka ji an ce a kira mai littafi.

Da suka zaɓe shi magatakarda ya wuce arba'in. Ya zo ya same ni a zaure, ya ce, "Kawu, ni da ba na gama magana sai na tsaya a hanya, ni zan zauna gaban 'yan kasuwa?" Na tuna masa Annabi Musa, alaihis salam, wanda ya roƙi Allah ya kwance masa ƙullin harshe ya kuma haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna. Ya kuwa nemo nasa Harunan, wani abokin aikinsa mai murya da zafin kai. A wurin zama wancan ke magana, shi yana gefe yana nuna masa shafi da yatsa. Yanzu yana magana da kansa, a hankali, kuma i'inar tana nan. Mutane ne suka koyi jira.

Abin da ya sa na ga labarin ya cancanci jarida shi ne kunyar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Sudan ƙasa ce da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi suna. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara sun kafa tasu a 1946, tarayyar ƙungiyoyi ta biyo baya a 1950, sakatarenta Shafi'u Ahmad al-Shaikh gwamnatin Numairi ta rataye shi a 1971. Da hannun ƙungiyoyi aka kawar da mulkin soja a 1964 da 1985. Mu Hausawa kuwa, kakanninmu suna nan tun kafin Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, hannunmu ya tsinci audugar Jazira tun da aka buɗe aikin a 1925, amma hudubar da iyaye suka yi mana ita ce ka yi aikinka, ka karɓi abin da aka ba ka, kada ka ɗaga murya a tambaye ka takardar ɗan ƙasa. Na san dalilinsu, ban zarge su ba. Sai dai mun biya kuɗin wannan shirun da tsada.

Shi bai yi jawabi a kan haka ba. Dattawan da ba su da lambar ɗan ƙasa ya riƙa rakawa ofishin rajista ɗaya bayan ɗaya. Ya kafa asusu, kowa ya zuba kuɗin buhu ɗaya a mako, don wanda bayansa ya riƙe ko aka yi masa rasuwa. Ya sa ana yanke kuɗin dako a rubuce kafin kaka ta kama. Gwamnatoci sun rushe ƙungiyoyi a 1989, sun sake a 2019, an dakatar da ayyukansu a 2022, asusun dai bai tsaya ba.

Da birnin Wad Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF a Disambar 2023, mutane suka kwararo Gadarif har makarantu suka cika, sannan na Sinja suka biyo a 2024. Ya tara mutanensa suka yarda a taɓa asusun, aka kafa takiyya, wato wurin ciyar da mutane kyauta, ana dafa adas da balila a raba wa duk wanda ya zo da kwano, ba a tambayar ƙabila. Kwalara ma ta riga ta shigo gari tun Satumbar 2023, don haka ya sa yara biyu a bakin gangunan ruwa suna zuba magani. Har kwanukan takiyya yana ƙirgawa a rubuce.

Ba waliyyi nake kwatanta maka ba. Bai iya cewa a'a ba, matarsa tana da ƙorafin da ni na ga gaskiyarta, don ɗakinsu ya sha yoyo yana can yana gyaran na wasu. Matasa suna cewa yana yi wa 'yan kasuwa laushi, ko da yake ni a ganina wanda ya san yawan bakin da ke jiran kuɗin yini ba ya saurin kiran yajin aiki. Laifinsa babba a wurina shi ne ya daɗe yana riƙe da littafin shi kaɗai. Sai da muka yi ta kai ruwa rana kafin ya fara koya wa samari biyu.

Yanzu ya ce ya gaji, a zaɓi wani. Dattawa sun ce ba su ji ba, samari sun rabu gida biyu. An tsayar da cewa za a zauna bayan an gama lodin riɗin bana, kuma in Allah ya kai mu zan rubuto maka yadda aka ƙare.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Gadarif, Sudan.