Kafin a Hau Jirgi da Kyamarar Ƙarƙashin Ruwa

Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana da masu nutso da ke ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku, musamman waɗanda za su fara tafiya da kayansu a jirgin sama. Sau da yawa kyamarar da ruwa ya ci a rana ta farko, tun wajen shirya akwati aka jawo mata lalacewar.

Mu fara da kwanson da ake rufe kyamara a ciki, domin nan ne kuskure ya fi yawa. An ƙera shi ne don ya jure matsi daga waje: duk yadda ruwa ya danna, haka zoben robar da ke bakin murfi yake ƙara kamewa. Matsi daga ciki kuwa ba aikinsa ba ne. Idan jirgi ya lula sama, iskar da ke cikin jirgin takan yi daidai da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wato kusan kashi uku cikin huɗu na matsin bakin teku, kuma haka yake a ɗakin fasinja da ma'ajiyar kaya. Kwanson da aka rufe ruf a ƙasa, iskar cikinsa za ta yi ta turi har ta sulale ta gefen zoben, ko ta ture tagar gaba, wadda kyamara ke hangowa ta cikinta, daga mazauninta. Da an sauka sai lamarin ya juya: iskar waje ta danne murfin, ta ciki kuma ta ragu. Murfi mai faɗin santimita 15 da tsawon 20 zai iya ɗaukar nauyin da ya kai kilo 75. A nan ne mutum yakan sa sukudireba ya ɓanɓare, ya yi wa bakin kwanson rauni, raunin da ido ba ya gani amma ruwa yana gani.

Maganin mai sauƙi ne. A cire babban zoben robar kafin a rufe, ko a bar bawul ɗin zuƙe iska, wato 'yar ƙofar da ake zuƙe iskar cikin kwanso ta nan don gwada ko yana yoyo, a buɗe, ko a ɗora murfin tagar ba tare da zobe ba. Kowane zobe a sa shi cikin ledarsa mai zif, a rubuta na wane wuri ne, a shimfiɗa shi ba lanƙwasa. A tafi da na ajiya na murfi da na taga da na fitilu. Giris kuwa a tsaya ga wanda masu ƙera kwanson suka ce, domin wani giris ɗin yana kumbura wani nau'in roba.

Akwai masu barin kyamara a ɗaure cikin kwanso don rage wuri. Mu dai ba ma goyon bayan haka. Duk girgizar hanya kan farantin da ke riƙe da ita take sauka, maɓallai su goce daga saitinsu, sai an shiga ruwa a ga wani ba ya dannuwa. Gara a naɗe kyamarar daban, a cika cikin kwanson da abu mai laushi.

Sai ƙoƙon gaba, wanda ake ɗaukar faffaɗan hoto da shi. Na roba mai ƙarfi yana saurin karcewa amma ana iya goge shi. Na gilashi yana jure karce, sai dai yana da nauyi, kuma in ya tsage ya tafi. Kowanne ne a sa masa rigarsa, a rufe bayansa, kada a cusa komai a cikinsa. Karcen waje ruwa yakan cike shi ya rage bayyana, na ciki kuwa yana nan a kowane hoto.

Batun batir ba zaɓi ba ne, doka ce. Ƙa'idojin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, sun hana saka batirin litiyom na ajiya cikin kayan da ake miƙawa a wurin awo. A jakar hannu kawai yake tafiya. Wanda bai wuce 100 Wh ba (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) yana shiga ba tare da izini ba. Daga 100 zuwa 160 Wh sai kamfanin ya amince, kuma biyu kacal. Abin da ya haura haka ba ya shiga jirgin fasinja. In ba a rubuta adadin a jiki ba, a ninka lambar V (ƙarfin wuta) da ta Ah (yawan cajin da yake riƙewa) da ke jikin batirin: batirin fitila mai 14.8 V da 5.2 Ah yana da kusan 77 Wh. A liƙe bakin kowane batir da salatif ko a sa shi a gidansa, kada ya haɗu da makulli ko wani ƙarfe ya yi tartsatsi. Fitilar nutso kuma a raba ta da batirinta. An yi ta ne ruwa ya riƙa sanyaya ta, in ta kunna kanta cikin tufafi za ta iya tayar da gobara. Idan aka karɓi jakar hannu a ƙofar jirgi saboda rashin wuri, a fitar da batura tukuna.

Wahalar ita ce nauyi. Kamfanoni da yawa kilo 7 suke ba jakar hannu, 23 ga babban akwati, ƙananan jiragen da ke kai mutane tsibirai kuma sukan rage. Akwatin roba mai tauri shi kaɗai yakan ci kilo biyar zuwa shida, saboda haka jakar goyo mai soso ta fi dacewa da ɗakin fasinja. Abin da ba za a samu madadinsa a bakin teku ba shi ke bin mutum: kyamara, ruwan tabarau, kwanso, taga ɗaya, batura, caja da katunan ajiyar hoto. Hannayen fitila, ƙarafan matse su, faranti, kayan gyara da wuƙar nutso su tafi cikin babban akwati. Wayoyin haske da ke haɗa kyamara da fitila a naɗe su sakwa-sakwa, domin in aka karya su ba sa nuna alama, fitila ce kawai za ta ƙi tashi.

Kada a dogara da diyyar kamfani. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade abin da ake biya a kan kayan fasinja, kuma tun ƙarshen 2024 iyakar tana wajen dalar Amurka 2,000, wanda sau da yawa bai kai kuɗin kwanso da fitilu ba. A rubuta lambobin kayan, a ɗauki hotonsu cikin akwati, a yi inshora. In an ga lahani, kwana bakwai ne wa'adin shigar da koke a rubuce, amma ya fi kyau a yi tun ba a bar filin jirgi ba.

Da an isa, a haɗa kayan a natse a wuri mai haske, a duba kowane zobe don gashi ko yashi, a zuƙe iska a jira a ga ko za ta riƙe. Wanda ba shi da bawul ya fara tsoma kwanson fanko.

Dawowa ma tana da nata. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso tana ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, 18 bayan nutso da yawa, kafin a hau jirgi. Wannan lokacin ya isa a jiƙa kwanso a rufe cikin ruwan daɗi, a daddanna maɓallai gishiri ya fita, a shanya a inuwa, sannan a sake cire zoben kafin a rufe akwati.

Mun gode da wannan fili.

Naka,
Wasu masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku