Wasiƙa Zuwa Ga Masu Hawa Jiragenmu Na Fito A Kogin Haɗeja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, 'yan kasuwa, manoman fadama, malaman Islamiyya da duk mai tsallaka kogi da jiragenmu, muna yi muku barka da damina. Marka ta gabato, kuma daga wannan mako za ku tarar da wasu canje-canje a bakin mashigi. Mun ga ya fi kyau ku ji dalilinsu tun kuna gida, maimakon a tsaya ja-in-ja da yaran jirgi ranar kasuwa rana tana shirin faɗuwa.

Babban canjin shi ne jan layi. Mun shafa jan fenti a jikin kowane jirgi ta waje, dama da hagu, santimita 30 ƙasa da bakinsa, wato kamar taƙi ɗaya da rabi. Da zarar ruwa ya taɓa layin nan, lodi ya ƙare, ko da akwai sauran wurin zama. Matuƙi ba shi da ikon ƙara ko mutum ɗaya, mu ma masu jirgin ba mu da shi. Saboda haka Alhaji, Hajiya, Baba, don girman Allah kada a ce wa yaro "ai ka san ni". Ya san ku, shi ya sa ma ba zai ƙara ba.

Me ya sa ba mu tsaya ga ƙidayar kawuna ba? Don jirgi nauyi yake ji. Muna lissafa babban mutum a kan kilo 75, ke nan jirgin da aka ce na mutum 20 ne kilo 1,500 yake ɗauka. Buhun masara ko gero cikakke kilo 100 ne. Buhun taki kilo 50, haka na siminti. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25. Babur irin na 'yan acaɓa da mansa yakan kai wajen kilo 120. To a ce an loda babur 2 da buhun masara 5, an cinye kilo 740 ke nan, saura wurin mutum 10 kacal, alhali mai kallo daga gaɓa zai rantse rabin jirgin fayau yake.

Akwai kuma nauyin da ba ya biyan kuɗin fito, wato ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi. Jirgin da shimfiɗarsa ta kai tsawon mita 8 da faɗin mita ɗaya da rabi, idan ruwa ya taru a ciki zurfin yatsu uku kawai, lita 600 ke nan, nauyin mutum 8. Abin da ya fi nauyin muni shi ne ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi ya ɗan karkata, sai ruwan duka ya gangara can ya ƙara danna shi, fasinjoji su tsorata su yi ɗaya gefen a tare, jirgin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Karkata ta biyu ko ta uku ita ce take sa baki ya sha ruwa. Shi ya sa za ku ga ba ma tashi sai an kwalfe ruwan tas, kuma akwai yaro ɗaya da ba shi da wani aiki sai kwalfewa har a kai gaɓa.

Kaya masu nauyi ƙasa za su kwanta, a tsakiyar jirgi, ba wanda zai tara buhuna ya hau kansu ya zauna. Babur a rufe masa makunnin mai a ɗaure shi da igiya gaba da baya. Awaki da tumaki a ɗaure. Sa da raƙumi ba sa shiga jirgi ɗaya da fasinja, sawunsu daban ne. A wajen sauka kuma a yi haƙuri a zauna har a ɗaure jirgi, sannan a fita ɗaya bayan ɗaya daga na gaba. Mutum goma su miƙe lokaci guda su yi gefen gaɓa, ya isa ya kifar da jirgi a inda ake ganin an riga an iso.

Sai maganar kogin kansa. Mutane da yawa sama suke dubawa, in babu hadari su ce ruwa lafiya lau. Ruwan da ke wucewa ta gabanmu ba a nan aka yi shi ba. Kogin Kano da ke fitowa daga dam ɗin Tiga da Kogin Challawa da ke fitowa daga dam ɗin Challawa na wajen Ƙaraye su ne suke haɗuwa kafin Wudil, su biyo ta Ringim su nufi Haɗeja. Idan aka yi ruwa mai yawa a kudancin Kano, ko dam ya cika ya fara tumbatsa, kogi yakan tashi a nan cikin dare ana tsakiyar farin wata. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa ba ya bukatar dogon bayani. Alamun sabon ruwa a bayyane suke: launi ya koma ja ko ruwan ƙasa mai kauri, kumfa ta yawaita, kara da rassa da kainuwa su riƙa wucewa a guje.

Mun kafa doguwar gora a bakin mashigi mai fenti kala uku, muna duba ta da asuba, da azahar, da la'asar. Ruwa yana kan kore, aiki kamar kullum. Ya hau rawaya, za mu rage kashi ɗaya cikin huɗu na lodi, mu daina ɗaukar manyan dabbobi. Ya taɓa ja, babu fito, ko na waye, kuma wanda ya riga ya biya za a mayar masa da kuɗinsa cif.

In ruwa ya yi ƙarfi za ku ga matuƙi bai miƙe sak zuwa ɗaya gaɓar ba, sai ya juya hancin jirgi sama yana fuskantar ruwa a karkace, tafiyar ta ɗauki lokaci. Ba ɓata mai yake yi ba. Jirgin da ya ba ruwa mai gudu haƙarƙarinsa, ruwan ne yake tuƙa shi. A kwanar kogi kuma, gefen waje shi ne mai zurfi da gudu, a nan ruwa yake cin gaɓa ta ƙasa har ta rufto, gefen ciki kuwa yashi yake tarawa. Kowace ambaliya takan kwashe yashin nan ta ajiye shi wani wuri, don haka hanyar bara ba lallai ta zama ta bana ba. Mun bi ta da gwangwala mun auna, mun kakkafa gora masu tsumma a kai. Masunta da makiyaya, muna roƙo kada a cire su. Inda ruwa ya malale gonaki ya fi ko'ina yaudara, don a ƙarƙashinsa akwai kututture, shinge da bututun rijiyar burtsatse na 'yan noman rani, kowannensu zai iya fasa katako. Ta ɓangaren Haɗeja zuwa Guri da Kiri Kasamma kuma ga kachala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, tana naɗe farfela ta kashe inji.

'Yan'uwanmu masunta, kalli da mamari da aka shimfiɗa a kan hanyar fito asara ce gare mu duka. Zaren yakan naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare man giyar inji, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar madara, kwana kaɗan giya ta ci kanta. Ku kuma kun rasa raga. A bar tsakanin gorar nan masu tsumma fili.

Jirgin farko ƙarfe 6:30 na safe, na ƙarshe ƙarfe 5:30 na yamma. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar ruwa, kuma ko ba doka, tocila ba ta nuna kututturen da ke ƙarƙashin ruwa. A watan Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a Kogin Neja wajen Patigi, suna dawowa daga biki cikin dare. A nan kusa, ƙarshen watan Nuwamban 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari na Bagwai da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duka biyun taro ne da ke son tsallakawa a sawu ɗaya. Don haka mai biki, mai Maulidi, mai rakiyar amarya, a sanar da mu tun jajibiri, mu raba ku sawu biyu ko uku, kuɗin kowane kai bai canza ba. Hadari kuma in ya haɗo daga gabas, iskar da ke gabansa ita ce abin tsoro, tana isowa kafin ɗigon farko. Za mu ɗaure jirgi mu jira ta wuce.

Rigar ruwa kyauta ce, kuma ba a hawa sai da ita. A ɗaure duk maɗauranta, a ja su su kama jiki. Yaron jirgi zai kama kafaɗun rigar ya ɗaga, in ta haura har kunne to ta yi yawa, a ruwa za ta zame ta bar mai ita. Babbar riga a tuɓe a riƙe a hannu, hijabi mai tsawo a tattara shi cikin rigar. Iyayenmu mata masu goyo, a kwance goyon a dawo da yaro gaba, domin rigar rigingine take kwantar da mutum, wanda ke baya shi zai koma ƙarƙashin ruwa. Muna da ƙanana na yara. Kada a zauna a kan rigar, soson cikinta in ya danne ba ya ƙara ɗaga mutum yadda ya kamata.

Namu nauyin ga shi, kuna da damar ku duba ku tambaya. Kowace safiya ana bin haɗin katako a liƙe inda ke yoyo da auduga da kwalta. Man inji ana haɗa shi a gaɓa da ma'auni: rabin lita na baƙin mai irin na injin jirgi a cikin lita 25 na fetur. Ana tayar da inji a ga ɗan ruwan da yake tsartarwa ta baya, in bai fito ba to famfon sanyaya shi ya mutu ko yashi ya toshe, jirgin ba zai tashi ba. Kowane jirgi yana da gwangwala 2, filafili 2, abin kwalfewa 2, usur, da igiya mai mita 20 da aka ɗaura wa jarka marar komai a rufe gam. Ranar kasuwa akwai jirgi ɗaya da zai tsaya a gaɓa babu lodi, da matuƙinsa a ciki.

In Allah Ya kawo tsautsayi, a riƙe jikin jirgin, katako ko ya kife yakan yi yawo a saman ruwa, kuma masu ceto sun fi saurin hango shi. Kada a bi kaya. Na gaɓa kada ya faɗa ruwa don ya iya iyo, mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo ya tafi da shi. A miƙa gwangwala ko a jefa igiyar jarka. Wanda aka fito da shi ba ya numfashi, a daina dannar cikinsa ko ɗaga shi a kife don ruwa ya zubo, ɓata lokaci ne. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, a hura sau 2, a ci gaba a haka. Wani ya kira 112, wani ya ruga ya sanar da Sarkin Ruwa. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti a ranar, don ruwan da ya taɓa huhu yakan tayar da ciwo bayan wasu sa'o'i.

Wanda ya ga matuƙinmu ya wuce jan layi, ko ya ɗauki mutum ba riga, ya zo rumfar karɓar kuɗi ya faɗa mana ranar da sawun, ba za mu ambaci sunansa ba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Masu jiragen fito na wannan mashigi, tare da matuƙa da yaran jirgi